Lungunmu na Yakasai a Kan Takarda: Abin da Na Gani a Shagon Mai Zanen Kalar Ruwa

Hutun ƙarshen shekarar da ta wuce na kwaso yara daga Kaduna muka zo Kano, da alkawarin zan kai su Gidan Makama su ga tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari. Mun gama zagaye mun fito, muna tafe a ƙasa muna neman inda za a sayi ruwa, sai 'yar autata ta ja min hannun riga. "Baba, ga gidan su Hajiya can a bango." Na duba inda take nunawa. Wani ɗan shago ne ƙofarsa a buɗe, an rataye zanen wani lungu a bangon da ke kallon titi. Ba lungunmu ba ne, amma na gane abin da yarinyar ta gani, don ni ma sai da gabana ya faɗi.

A Yakasai aka haife ni. A nan na yi makarantar allo, a nan na yi firamare, kuma shekara 19 ke nan aiki ya kai ni Kaduna. Daga wannan shagon na sayi zane biyu, ɗaya na tarar da shi a rataye, ɗaya kuma ni na sa aka yi min. Sun kai wata goma da wata takwas a hannuna, sun ga hunturu sun ga damina, shi ya sa nake ganin yanzu zan iya faɗin abin da na sani game da aikin, da daɗinsa da rashin daɗinsa.

Shagon ɗaki ɗaya ne, da ƙyar zai ɗauki tabarma uku. Akwai benci, da tebur da duk ya ɓaci da kala, da kwalaben ruwa guda biyu, ɗaya mai tsabta ɗaya ta wanke buroshi. Zane goma sha wani abu ne a bango, sauran suna cikin kwali, kowanne a ledarsa. Mai shagon shi ne mai zanen. Magidanci ne mai sanyin magana, ya ce a Zariya ya karanci zane. Bai taso mana da ciniki ba. Ya amsa sallama, ya matsar wa yara benci, ya koma kan aikinsa ya bar mu muna kallo.

Wanda yarinyar ta nuna bai wuce faɗin rajistar makaranta ba. Lungu ne siriri, irin wanda in ɗan garuwa ya shigo da kurarsa sai ka manne da bango ya wuce. Katangar hagu tana cikin inuwa gaba ɗaya. Ta dama kuma hantsi ya taɓa samanta kawai, kamar kashi ɗaya cikin uku, ya haska wani zanko da gefensa ya gutsure. Akwai indararo na kwano, kuma a ƙarƙashinsa ya ja wani duhu siriri har ƙasa, inda ruwan damina ya saba bi yana cin yaɓe. Gindin katangar ya zaizaye ya shige ciki, yadda katangar ƙasa take yi in an kwana biyu ba a yi mata yaɓe ba. A kan dakali an manta wata buta. Can ƙarshe lungun ya karya kwana, ba ka ganin inda ya nufa, sai hazo. Wannan zaizayar ta gindin katanga ita ta sa na zauna. Wanda ya zo yawon buɗe ido ba ya ganinta. Sai wanda ya taɓa tsugunawa a wurin yana wasan 'yar gala-gala ko yana jiran a buɗe masa ƙofa.

Na tambaye shi da wane irin fenti yake aiki, don a wurinmu in an ce fentin ruwa, na shafa wa ɗaki ake nufi. Ya ce wannan daban ne, kalar ruwa ce, irin wadda 'yan makaranta ke saya a ɗan akwati, sai dai tasa mai kyau ce. Ya ɗauko wani ɗan dunƙule ya miƙo min. "Alhaji, ka san abin da ke riƙe garin kalar nan? Ƙaro ne." Na yi shiru ina juya abin a hannu. Ƙaron da muke jiƙawa mu haɗa da gawayi mu yi tawadar allo, shi ne dai. Daga jikin dakwara ake samunsa, Sudan ce kan gaba wajen fitar da shi, Chadi da Najeriya na biye, kuma na dajin Borno da Yobe da Jigawa yana cikin wanda ake lodawa zuwa Turai. Can a niƙa shi da garin kala, a dawo mana da shi a akwati. Tun daga nan na daina yi wa sana'ar kallon baƙuwa.

Ya nuna min abubuwa biyu da ban sani ba. Na farko, babu farin fenti a aikin. Duk inda ka ga haske, takardar ce aka bari ba a taɓa ba. Wato tun kafin ya jiƙa buroshi sai ya san inda rana za ta sauka, ya kewaye wurin, ya faro daga kala mai haske yana ƙara duhu a hankali. Na biyu, ba ya amfani da baƙi wajen inuwa. Shuɗi yake haɗawa da jan ƙasa, sai su ba da wani toka-toka mai ɗumi. Shuɗin kuma yana da ɗabi'ar kwanciya a ramukan takarda mai kaushi, shi ya sa in ka matso kusa sai ka ga katangar tana da tsakuwa-tsakuwa kamar yaɓen gaske. Takardar ta auduga ce, mai nauyin giram 300 a kowace murabba'in mita, ya ce ta Arches ce daga Faransa, kuma ita ta fi komai cin kuɗi a aikin. Hazon ƙarshen lungu kuwa, jiƙa takardar yake yi tukuna, sannan ya ɗiga kala ya bar ta ta bazu da kanta. A hunturu takarda tana bushewa kafin ka kifta ido, don haka da sassafe yake wannan ɓangaren, da 'yar kwalbar fesa ruwa a gefe.

Abin da kowa zai lura da shi a shagon shi ne babu mutum a zanen ko ɗaya. Babu akuya, babu kaza. Na ce masa, "Malam, ai lungun cikin gari ba ya rabuwa da mutane. Ina masu talla, ina almajirai, ina babura?" Ya ce dalili biyu ne. Akwai gidajen da ba a rataye hoton mai rai, kuma yana son aikinsa ya shiga kowane gida. Sannan shi shirun yake bi. Da na koma gida na yi ta tunanin maganar, na ga gaskiyarsa. Lungu yana da lokutan shirunsa, duk ɗan cikin gari ya san su. Akwai bayan an sauko daga sallar asuba, kafin yara su fito. Akwai tsakanin azahar da la'asar a bazara, lokacin da ko ƙadangare inuwa yake nema. Akwai ranar Juma'a in maza sun tafi masallaci. Uwa-uba safiyar azumi, wadda za ka bi lungu uku ba ka haɗu da kowa ba, sai ƙarar takalminka. Kuma ko da babu mutum, yakan bar alamarsa: butar nan ta kan dakali, ko allo a jingine, ko takalma a ƙofar zaure. Kana kallo kana jin yanzu wani zai fito.

Na sayi wannan a naira 30,000. Kafin mu fita na tambaye shi ko yana yin na oda.

Zauren gidanmu ya faɗi a wata damina shekarun baya, bayan rasuwar mahaifinmu. Aka tayar da shi da bulo aka rufa kwano, don masu ginin ƙasa sun yi ƙaranci, azara ta yi tsada, kuma babu mai jimirin yaɓe duk shekara. Ban ga laifin kowa ba, da ni aka yanke shawarar. Hajiya kuma ta koma wurin Yaya a Hotoro. Abin da ya rage mana na tsohon zauren hoto ne guda ɗaya na ranar ɗaurin auren ƙanwata, mutane sun cika gabansa, sai saman ƙofa da zankwaye biyu ake gani. Shi na kai masa na ce ina son a mayar min da zauren a takarda, in kai wa Hajiya.

Ya duba hoton ya ce ba zai yi aiki da shi kaɗai ba, sai ya je ya ga wurin. Sau biyu muka je, duka da ƙarfe bakwai na safe. Zuwan farko bai zana komai ba sai 'yan layuka da fensir. Ya auna faɗin lungun da taku, ya tsaya ya ga ta inda rana ke shigowa, ya tambaye ni wace katanga ce ta dā wace ce sabuwa. Zuwa na biyu ne ba zan manta ba. Akwai wani dattijo a unguwar, tsohon magini, wanda ya yi wa gidanmu yaɓe ba sau ɗaya ba. Muka same shi a dakalinsa muka gaishe shi, mai zanen ya tsuguna ya ce, "Baba, bangon zauren nan wace kala ce?" Dattijon ya ce makuba ce aka yi masa, wato ruwan ɓawon ɗorawa da ake jiƙawa a kwaɓa da ƙasa, shi ke sa bango ya yi ja mai duhu yana ɗan sheƙi, ruwa kuma ba ya kama shi da wuri. Saman soron da bakin zankwaye kuma laso ne, wanda ake haɗawa da katsi daga marina da gashin jima da dafara. Ya ce katsin daga nan Ƙofar Mata ake kawo shi, marinar da allon bakinta ke cewa tun 1498 take, zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Ya tashi da sandarsa ya kai mu bayan wani gida inda ragowar tsohuwar makuba ta tsira a ƙarƙashin wata rumfa.

Mai zanen ya zauna a ƙasa ya buɗe akwatin kalarsa. Ya yayyaga takarda ƙanana, ya haɗa kala ya shafa, ya jira ta bushe, don kalar ruwa tana yin haske in ta bushe, sannan ya kara ta a jikin bangon. Dattijon ya girgiza kai, "Ta yi ja da yawa." Ya sake. "Wannan ta yi fari." Sai a ta biyar ya ce, "Yauwa, ita ce." Yara sun kewaye mu, wata mata ta leƙo ta katanga tana tambayar ko daga gwamnati muke. Shi kuwa ya rubuta wani abu a bayan 'yar takardar ya sa a aljihu. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima, kuma a safiyar nan na ga idanu biyu sun haɗu a kan kima ɗaya.

Mun ɗan yi saɓani a kan abu guda. Na ce ya cire min wayoyin wuta da kwatar da ta bi tsakiyar lungun. Ya ce, "Alhaji, zaure zan mayar maka da shi, tunda akwai hoto akwai shaida. Amma kwatar nan tana nan tun kana yaro, ko ba haka ba?" Na ce tana nan. "To in na cire ta, lungun wasu zan ba ka." Na bar shi. Yau in na kalli zanen, siririn hasken da ya bari a kan ruwan kwatar yana cikin abin da na fi so.

Sai dai ba duk aikin da ke shagon ne yake da wannan gaskiyar ba, kuma dole in faɗa. Akwai wasu da ya jera kusa da ƙofa, kowane bango an cika shi da dagi da zayyana, kowace ƙofa da kala mai ɗaukar ido, babu waya babu kwano babu bulo. Irin wannan adon akwai shi a Kano, a fada da gidajen masu hali, amma ba haka lungun talaka yake ba. Da na yi masa maganar bai musa ba, ya ce baƙi su suka fi saya, kuma shago yana da haya. Na fahimce shi. Duk da haka, in ka je, ka wuce na bakin ƙofa ka ce ya buɗe maka kwalin. A ciki na ga lungun da kore-koren ƙubbar Babban Masallaci da hasumiya ɗaya suka leƙo ta samansa, da wani na bayan Kasuwar Kurmi da rumfunan duk a rufe. Aikinsa na ƙwarai a nan yake.

Mun yi ciniki a naira 90,000, na ba da rabi. Ya ce sati uku. Sai da aka yi sati tara. Jinkirin kansa bai dame ni kamar shirun ba: in kira ba a ɗauka ba, in tura saƙo sai bayan kwana uku a amsa da "in sha Allahu an kusa". Na riga na gaya wa Hajiya akwai abin da zan kawo mata, ta tambaye ni har ta gaji ta daina. Ranar da na je karɓa ya ba ni haƙuri, ya fito da guda biyu da ya lalata kafin na ukun ya yi. A ɗaya inuwa ta cinye hasken ƙofar zaure, kuma a kalar ruwa in haske ya tafi ya tafi ke nan. Na ga uzurinsa, amma alkawari kaya ne. Da ya kira ni sau ɗaya ya ce aiki ya ɓaci zan sake, da ban ji komai ba.

Abu na biyu da ya ɓata min rai shi ne firem. Na biya naira 15,000 a kan kowanne, ashe ba shi ke haɗawa ba, wani yake kai wa. An manna takardar kai tsaye a jikin gilashi, babu kwalin da ake sawa a tsakani ya ba ta iska. A Kano ban ga illar ba. Amma na farkon da na tafi da shi Kaduna, damina na yin nisa sai na ga gefensa na ƙasa ya fara lanƙwasa, da wasu ɗige-ɗige ruwan ƙasa guda uku a sararin sama. Na cire shi da sauri na kai wani wuri aka sake masa firem da kwali a tsakani a naira 22,000, na sa Yaya ya yi wa na Hajiya haka. Ɗige-ɗigen ba su ƙaru ba, amma ba su tafi ba. Shawarata, ka karɓi zanenka a leda, ka kai inda suka san aikin takarda. Kada ka rataye shi inda rana ke bugawa, don kala tana kodewa, ko kusa da hayaƙin kicin, ko a bangon da ke jiƙa da damina.

Ka kuma tambaya ko na hannu ne ko bugun inji, don yana sayar da kwafi a naira 5,000 kuma bai rubuta a jiki ba. In ka tambaya zai faɗa maka gaskiya, amma ya kamata a ce an rubuta. Gane su ba wuya. Na hannu za ka ga layin fensir a ƙarƙashin kala, za ka ga bakin inda ruwa ya tsaya ya bushe ya ɗan fi duhu, takardar ma ba ta kwanciya sumul. Kwafi kuwa shafal yake ko ta ina ka karkata shi.

Ranar da na kai wa Hajiya, bayan la'asar ne, tana kan darduma da carbi. Na gaishe ta na ajiye mata a cinya ban ce komai ba. Ta ɗaga shi nesa, ta matso da shi kusa, ta ce a miƙo mata tabarau. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ɗora yatsa a kan gilashin, daidai dakalin da ke hannun dama na ƙofar zaure. "Nan babanku yake zama in ya dawo daga kasuwa." Ta bi kwatar da yatsa har kwana, ta ce nan Yaya ya faɗa ranar wata Sallah da sabbin kaya. Ta ga 'yar rariyar da ke gindin katanga, wadda ni ban ma lura ya sa ta ba, ta ce ta nan ruwan wankinta yake fita shekara talatin da wani abu. Matar Yaya ta zo ta tsaya a bayanta, jikoki suka taru, ita kuma tana ta nuna musu gida-gida tana faɗin na wane ne, da waɗanda ke raye da waɗanda suka riga mu gidan gaskiya.

Can sai ta ce, "Amma ƙofar gidan Gwaggonku ba shuɗiya ba ce a lokacin. Koriya ce." Laifina ne, ni na gaya masa shuɗiya. Na koma shagon na faɗa masa. Ya ce zai iya jiƙa wurin ya ɗan ɗauke kalar, amma wannan shuɗin ya riga ya kama takarda, in ya matsa zai bar tabo. Ya ce in na yarda zai sake zanen gaba ɗaya a rabin kuɗi. Na gaya wa Hajiya, ta ce a'a, a bar mata kayanta, ita ta san koriya ce. Yana nan a ɗakinta, a bangon da take fuskanta in ta kwanta.

Makon jiya na sake biyawa ta shagon na ba da kafin alƙalami na uku. Wani lungu ne a Madabo, wanda in ka tsaya a bakinsa Dutsen Dala yake toshe ƙarshensa. A wannan karon mun rubuta ranar karɓa a takarda, kowa ya sa hannu, na kuma ce masa firem ni zan yi abina. Ya karɓi takardar ya ninke ya sa a cikin akwatin kalar. Ya ce ba zai fara ba sai hazo ya sauka, don a cikinsa yake son ganin dutsen.